Yayana ya salwantar da rubutun kakanmu, ni ake yafe wa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin ka rufa min asiri ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a wuya.

Ni mace ce, kwamfuta na karanta, ina koyarwa a Tambuwal. Gidanmu gidan malamai ne, kakanmu ya bar littattafai da wasiƙu da rubutun hannunsa a Fakku, sai Baffa, wan mahaifina, ya ce a ɗauki hotonsu a adana, saboda gara ta fara ci. Wata shida ina wannan aiki, duk ƙarshen mako ina bisa kabu-kabu a hanyar Kebbe, ƙugu kamar zai ɓalle. Na zuba komai cikin VM, wato kwamfutar da ake ƙirƙira a cikin wata babbar kwamfuta, a makarantar Baffa.

Da aiki ya kammala sai ga yayana, babban ɗan Baffa, wanda ya sa wa kansa suna Injiniya don ya yi kwas na sati uku. Ya ce shi ne babba, shi zai riƙe. A gidanmu kuwa ƙarami ba ya gyara wa babba a gaban mutane, balle mace, sai na miƙa masa.

VM ɗin diski biyu gare ta, ɗaya na manhaja, ɗaya na hotunan littattafan. Da ya zo saita bakof, wato kwafin ajiya, ya ga abin yana daɗewa janareta na shan mai, sai gwanin ya cire diski na biyu daga lissafi. Bakof ya koma minti biyar. Kullum ya ɗauki hoton koriyar alamar da ke nuna bakof ya kammala ya tura gurup ɗin dangi, ana ta sa masa albarka. Na same shi shi kaɗai na ce Yaya mu gwada dawo da ajiyar ko sau ɗaya mu gani, ya ce in je in koyar da yara danna linzamin kwamfuta, har da dariyarsa.

A daminar bana rufin ɗakin littattafan a Fakku ya rufta, littattafan suka jiƙe suka koma kamar kunu. Wata guda bayan haka diskin babbar kwamfutar ya mutu. Injiniya ya naɗe hannun riga ya dawo da ajiyarsa, kwamfuta ta tashi fes, ba komai a ciki sai hotonsa da tabarau a fuskar allo. Wallahi ban taɓa raina mutum kamar ranar ba.

Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya gaya wa Baffa wai tun farko ni na yi aikin ba daidai ba.

Abin da bai sani ba, kafin in miƙa masa na kwashe komai a wani diski na ɓoye cikin akwatina. Na yi subul da baka na gaya wa matarsa, ga shi yanzu yana ta kirana, wai in ba shi a asirce ya ce shi ya ceto su, kar girmansa ya zube. Idan na ba shi, hannun nan dai zai ci gaba da riƙewa, kuma ba sauran takarda ko ɗaya da za a sake ɗauka. Idan na kai wa Baffa da kaina, na tona asirin ɗansa, a ce na fi ƙarfin gida.

Jiya na je gaida Baffa, ba shi da lafiya sosai. Ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗiyata, kak ki damu, na yafe maki. Rubutun babana dai na so in ƙara gani.” Diskin yana cikin jakata a lokacin, haka na yi masa sallama na dawo gida da shi.

Jama'a, in fito da shi in faɗi komai, ko in bar wannan mutum ya sake shan albarkar da ba tasa ba?