Ranar da Labulen Baba Ya Faɗi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya, in ka cire gajiya.

An shafa wa shagon Baba jan fenti. Sabon titi zai cinye layinmu, tun daga rumfar mai gyaran agogo har tsohuwar tashar jirgi. Masu tattara tarihin gari sun zo neman hotunan unguwar kafin a rushe ta, tunda babu mai hoton da ya kai Baba daɗewa. Mutumin da ido ya ƙare masa, amma har ya sa an goge masa riga. Burinsa ɗaya, a rubuta sunansa a ɗakin tarihi. Ni aka bar wa binciken kwalayen hotuna, kai kana can kana aiko da addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Maman yara?

Kwalayen nan sun karya min baya, kuma babu garinmu a ciki. Ka tuna labulen nan mai zanen dogayen benaye da jirgin sama? Baba bai taɓa ɗaukar kowa ba sai a gabansa. Ko a waje ne sai ya rataya shi, wai kada tsufan bango ya ɓata wa mutum kwalliya. Maƙera, 'yan dako, ma'aikatan jirgi, duk ga su tsaye a birnin da babu shi. Masu tattara tarihin suka duba, suka yi godiyar ban haƙuri, suka tafi. Ranar Baba bai ci abinci ba, ni ma raina ya ɓaci.

Taka,
Auta

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya.

Wajen mayar da kaya na ci karo da ƙunshin hotunan da Baba yake kira ɓatattu. A ɗaya, iska ta kayar da labulen. Ga layinmu gaba ɗaya, ga famfon unguwa, ga marigayiya Inna tana tsallaka titi goye da kai, tana hararar kyamara. Mutanen sun ce shi kaɗai suke so, da sunan Baba a ƙasa.

Na kwatanta masa hoton. Ya tambayi wane zani ta ɗaura, ya shafa takardar, ya tura ta cikin aljihu. Na ce ai ana iya wanke wani, ya ce matarsa ba ta zaman bango kowa ya kalla. Na gaji, ban ja da shi ba.

Jibi za a fara rusau. In ka zo, layin dai ba za ka tarar ba, sai ka roƙi Baba ya nuna maka.

Ƙanwarka,
Auta