Kunkurun Roba a Kan Teburina

Litinin, 3 ga Maris

Kunkuru ya sauka a teburina. Dokar ofishinmu ce: duk wanda aikinsa ya jawo gargaɗi lokacin da kwamfuta ke harhaɗa manhaja, sai a ɗora masa kunkurun roba a gabansa, ba ya tashi sai gargaɗin ya ɓace. Dogo, sarkin tsokana, shi ya kawo shi da hannu bibbiyu har da rusunawa. "Ranki ya daɗe, ga baƙonki." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yashe haƙora.

Gargaɗin layi ɗaya ne rak, rawaya, a cikin kanel, wato zuciyar manhajar na'urarmu mai gadin sanyin firjin asibiti. Akwai sashen da ke shirya ƙwaƙwalwar na'ura idan an kunna ta, yana gamawa sai a share shi don a sami fili. Gargaɗin yana cewa wani wuri a cikin aikina zai iya kiran wannan sashen bayan an share shi. Sallama a gidan da aka rushe ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Na kashe na'urar na kunna sau hamsin, lafiya lau take tashi. Gargaɗin yana nan. Kunkuru ma.

Talata, 11 ga Maris

Kwana tara. Yau na tarar Dogo ya ɗaura masa ɗankwali da tsumman goge allo. Ni kaɗai ce mace a ɗakin nan, na san inda aka dosa. Raina ya ɓaci.

Manaja ya leƙo ya ce Juma'a kaya za su fita, ba ya son ganin layi rawaya ko ɗaya. Da ya fita, Baba Tabarau ya gangaro da kujerarsa kusa da ni. Shi ya koya min aikin nan tun ban san hagu da dama ba, shi kuma ya rubuta sashen ƙwaƙwalwar shekaru da suka wuce. Ya ce, "'Yata, gargaɗi ba zagi ba ne. Bi shi a hankali, in kunne ya ji, jiki ya tsira." Faɗa da sauƙi. Ba a gabansa kunkurun yake ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na toshe masa baki.

Akwai wata 'yar alama, kalma ɗaya, da ake sakawa don a ce wa kwamfuta "na san da wannan, yi shiru". Ita na saka. Ban gyara komai ba, a littafin nan dai zan iya faɗa.

Ƙa'ida ce sai babba ya duba ya sa hannu. Baba yana sauri, likitan ido na jiransa, har ya rataya jaka. "Kin gano tushensa?" Na ce, "Na gano, Baba." Ya danna amincewa bai ko sunkuya ba. Dogo ya mayar da kunkuru kabad, aka tafa min.

Asabar, 15 ga Maris

Wanki da guga. Sau biyu kawai abin ya faɗo min a rai.

Laraba, 14 ga Mayu

An bugo daga wani asibiti. Wuta ta ɗauke, na'urarmu ta koma kan batir ta yi barci kamar yadda aka tsara. Da wuta ta dawo ta farka, ta nemi sashen da aka share, ta sandare. Kwana biyu allonta yana nuna sanyi daidai alhali firjin ya mutu. Ƙararrawa ba ta ce uffan ba. Jinin da ke ciki duk an zubar. An ɗage aikin da za a yi wa wata mata. Ba su faɗi halin da take ciki ba, ni kuma ban tambaya ba, tsoro nake ji.

Sau hamsin na kunna ta. Ko sau ɗaya ban gwada farkawa daga barci ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Taro. Bayanin da na'urar ta bari yana nuna sashen ƙwaƙwalwa, sashen Baba. Babu wanda ya leƙa ɓangarena, don allo fari ne tas, ba gargaɗi. Manaja ya tambayi wanda ya sa hannu na ƙarshe. Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Ni ne." Bai kalle ni ba. Da ma ya kalle ni ya zage ni.

Ina zaune, na bar shi ya ɗauki laifina.

Litinin, 19 ga Mayu

An dakatar da shi, ƙarshen wata za a sallame shi. Shekara sha tara a kwali ɗaya, ya ma manta kofin shayinsa. Na riƙe masa ƙofa a matakala. Ya ce, "Ki riƙa cin abinci, 'yata, kin rame." Shi ke nan. Ya sani. Wallahi ya sani.

Laraba, 21 ga Mayu

A gida, Yaya ta tsayar da keken ɗinkinta ta ce, "Ke, kwana nawa kina juya cokali a faranti, lafiya?" Na ba ta labarin wani a ofishinmu da ya yi kaza da kaza. Ta saurara tana ciro zare da haƙori, sannan ta ce, "Shi wannan wanin, takalminsa lamba nawa? Don na ga kamar ƙafarku ɗaya." Ban yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Ta ce, "An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ku a wurinku tsoho aka tura tsakar gida."

Na ce in na yi magana aikina ya tafi. Ta ce, "To, sauran firjin fa?"

Ɗari biyu da wani abu suna can a asibitoci. Su Dogo kuma suna can suna tonon sashen Baba, inda babu komai.

Asabar, 24 ga Mayu

Wuta ta ɗauke a gida da rana. Da ta dawo, sauran firjin nan ne suka faɗo min a rai.

Litinin, 26 ga Mayu

Na riga kowa zuwa. Na cire alamar, don dai in gani. Kwamfuta ta yi ta harhaɗawa minti goma sha biyu, sai ga layin rawaya ya dawo, da sunan fayil ɗina ɓaro-ɓaro. Na tura wa kowa, da kwanan watan da na toshe shi, da abin da na ce wa Baba ranar.

Kunkurun yana bayan kwalin takardu, ya yi ƙura, ɗankwalin na nan. Na ɗauko shi da kaina na ɗora a teburina. Ba don komai ba, doka ce.

Dogo ya shigo, ya ga kunkurun, ya wuce teburinsa. Manaja ya ce in same shi ƙarfe goma.

Goma saura kwata yanzu. Na wanke kofin Baba na kife masa a teburinsa.