Harsashi Mai Tsini

Bowie, Maryland
3 ga Nuwamba

Yaya Atine,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da abin da ke cin raina.

Ɗanki Nasir, tunda ya kama aiki, farautar barewa ta shiga ransa. Ya sayi bindiga irin wadda ake jan hannunta ƙasa ta ɗora harsashi. To wa kike tsammani ya je wa neman shawarar harsashin da zai sa mata? Maƙwabcinmu, Dakta Katung, mutumin Kagoro! Kullum Kawu Katung ya ce, Kawu Katung ya ce, har kunnena ya gaji. Yaya, ni fa ɗan Sarkin Baka ne, ni ke riƙe wa Baba albarushi a dajin Falgore. Yaron da ko gaisuwa da Turanci yake amsa mini, na ji shi yana kakkarya Hausa a garejin Katung. Wallahi kishi nake, ba zan ɓoye miki ba.

Ƙarshen wata ake buɗe farauta, kuma da Katung zai tafi. Jiya na je kasuwar bindigogi a Virginia, na samo masa harsasai masu tsini, ɗurin hannu, sai ƙyalli. Na Katung masu dakusasshen kai ne, kamar guntun alli. Za mu ga wanda zai bi.

Ki gaida yara.
Ƙaninki, Sabo

Bowie
1 ga Disamba

Yaya Atine,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso. Kin ce in ji kunya da furfurata. To saurara.

Na ba Nasir harsasan, ya yi godiya, ya ajiye kwalin a garejin Katung. Washegari sai ga Katung a ƙofata, shi kaɗai, da kwalin a hannu. Ya kwance bindigar ya nuna mini: harsasanta a jere suke kwana cikin bututu, hancin na baya a kan hular na gaba, wato gindinsa da ake doka ya tashi. In an harba, bindiga ta zabura baya, tsinin zai iya dukan hular, su tashi gaba ɗaya a tafin yaron. Shi ya sa ake sa mata masu dakusasshen kai. Innalillahi! Sai da na zauna. Bindigar Baba ta baki ake ɗura ta, ina zan sani?

Katung ya ce bai faɗa wa Nasir komai ba, wai wannan magana a bakin uba ta fi daɗi. Ya bar mini kwalinsa ya tafi.

Na kira Nasir na ce na sake tunani, na yi masa bayanin tiryan-tiryan. Sai ya roƙe ni da Hausa, Yaya, da Hausa, in raka shi farautar. Katung kuwa ya ce asibiti ta riƙe shi, alhali na ga motarsa a ƙofar gida da za mu fita.

Mun samu barewa, ni na yanka. Nasir sai gaya wa abokansa yake babansa ya san bindiga. Ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Amma na kai wa Katung cinya, na kasa haɗa ido da shi. Da can ɗana kawai nake kishi a kansa, yanzu har halin mutumin. Yaron ya dawo gare ni, Yaya, amma da bakin Katung na kira shi.

Ki sa ni a addu'a.
Naki, Sabo