Kwalaben da suka fashe a gidan suna

Har yau in kwalba ta faɗi ƙasa sai in ji warin nan mai kama da ƙullin burodin da ya kwana a rufe. Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, na sauya na sauran. Ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya isa.

Lokacin kullen korona muna zaune a Sri Petaling, wata unguwa a ƙasar Malayawa, maigidana yana digirinsa na uku a fannin sarrafa abinci. Da aka rufe lab ɗinsu, ɗakin binciken da ke titin Jalan Semarak, sai ya ce zai ci gaba da bincike a gida, amma yana buƙatar tsiron hatsi kuma bai iya yi ba. Ni kuwa a hannun kakata na tashi, mai kunun zaƙi ce. Na jiƙa alkamar da ya samo a kantin Indiyawa, na shimfiɗa ta a kan jiƙaƙƙen buhu a baranda, ina yayyafa mata ruwa safe da yamma har ta fito da fararen ƙafafunta. Wallahi daɗi nake ji. Gari ya mutu murus, ga wani abu yana rayuwa a hannuna. Shi ya dafa, ya tace, ya zuba yis, ya rufe a bokiti mai ɗan tiyo, abin yana ɓul-ɓul a banɗaki. Har waƙa na rubuta wa wannan sautin. Kun ga wautata?

Ranar da na ji warin a bakinsa na gane giya ce. Ya ce gwaji ne, dole mai bincike ya ɗanɗana, wai ai Malayawan unguwar Kampung Baru ma suna cin tapai, shinkafarsu mai tsami, ko su ba Musulmi ba ne? Na yi kuka, na daina yi masa magana, ya lallashe ni ya ce babu mai hannu irin nawa. Na sake jiƙa alkama. Ni na wanke kwalaben da yake ɗura ta a ciki ma.

Wata rana mai gidanmu, wata Hajiya Bamalaya, ta ce za ta turo a duba famfo. Maigidana ya zubar da bokitin, ya cika kwali da kwalaben, ya kai wa maƙwabcinmu Malam Sabi'u ajiya, wai kayan lab ne. Malam ɗalibi ne shi ma, shi ke karantar da yaranmu Alƙur'ani ta waya. Matarsa Maman Hanif tana ɗaki da sabon jego, ba ta san an kawo ba. Malam ya ajiye a bayan kicin, inda rana ke duka.

Ranar suna muka taru mu 'yan kaɗan saboda doka. Muna cikin cin waina muka ji ƙara kamar bindiga, sai wata, sai kumfa ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Wata babba a cikinmu ta sauke takunkuminta ta shinshina.

"Maman Hanif, wannan ai ba warin magani ba ne."

Maman Hanif ta dubi kwalin, ta dubi fuskokinmu, jaririya a kafaɗarta. Ni me na yi? Na toshe hancina da mayafi tare da kowa. Kwalaben da na wanke da hannuna, na ce innalillahi kamar ban taɓa ganinsu ba.

Iyaye suka cire yaransu daga karatu. Malam ya ce ajiya aka ba shi, aka ce ta wa, ya ce ba zai tona asirin Musulmi ba, aka yi masa dariya. Da aka buɗe hanya Maman Hanif ta tafi Kaduna da yaranta. Na ritsa maigidana na ce ko ya faɗa ko in faɗa. Ya ce in an ji, karatunsa ya tafi, mutuncin iyayenmu ya tafi.

"Ki kwantar da hankalinki. Na kira Maman Hanif na faɗa mata gaskiya, sun shirya. Wallahi."

Na yarda, don ina son in yarda. Muka gama muka dawo gida. Yanzu Dakta ake ce masa, a sahun gaba yake sallah, ina zuba masa abinci. Wane irin mutum ne yake cin tuwonsa lafiya bayan wannan? Ni kuma wace iri ce da nake tuƙa masa?

In na yi magana aurena ya mutu, kuma nawa laifin zai fito tare da nasa. In na yi shiru fa?

A watan jiya, a wani biki a Kano, na haɗu da ɗaya daga cikin matan da muka zauna a can. Cikin hira take gaya min Maman Hanif ba ta taɓa komawa ba. Babu wanda ya kira ta. Iyayenta sun sa an raba auren, yarinyar da muka ci wainar sunanta ba ta san fuskar ubanta ba, kuma har yau Malam bai ambaci sunan kowa ba.

Ga lambar Maman Hanif a wayata. Don Allah, me zan yi da ita?