Rigunan da Aka Rage

Daren Talata, Dutse Uku

Ashe matata Hajara yaudarata take yi. Tun da aka yi min aikin maƙogwaro nake fama da kunun gyaɗa da faten dankali, cokali-cokali, da ƙyar suke wucewa. Ita kuwa kullum sai ta ce, "Baban Amira, ka fara cikowa fa, dubi yadda rigar nan ta zauna maka." Na yarda, har na daina ci akai-akai yadda likita ya ce.

Yau na bi ta shagon telanmu a Ali Kazaure. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Oga, sauran rigunan ma a rage su kamar waɗanda madam ta kawo?"

Na dawo na juya rigunana. Ga sabon ɗinki nan a kowane gefe.

Wai tsoro ta ji kar in karaya. Ni yaro ne? Ina ta ramewa, har tela ya sani, sai ni mai jikin.

Ta ajiye min kunu, zan sha. Amma gobe asibiti zan je in hau sikeli. Shi ba ya ƙaunata, balle ya yi min ƙarya.