Sharhin da Ba Ni Na Rubuta Ba

Ina rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafafu ne suka gaza, amma kunne yana nan, don haka duk ƙus-ƙus ɗin da kuke yi a baranda ina ji.

Na ɗaya. Shekara talatin da huɗu ina sharhin faya-fayan kiɗan jaz da na fiyano a jarida, ban taɓa yabon abin da bai kai ba. Kai babban 'ya'yana, da ka fitar da faifanka na farko, na rubuta cewa kana busa da gudu kamar wanda kare ya biyo, har ka baro mai ganga a baya. Ka ɗauke ƙafa daga gidan nan shekara shida. Ban janye ko harafi ɗaya ba.

Na biyu. Ke mai bi masa, laifinki ya fi na kowa. Ina kwance a asibiti da roba a maƙogwaro, kika zauna a teburina, kika zuba wa faifan yayanki na biyu yabo, kika sa sunana, kika aika wa edita. Wai busarsa kamar zuma. Yaushe na taɓa kwatanta kiɗa da abin lasa? Ya karanta, ya zo ya riƙe hannuna yana hawaye, ni kuwa ba bakin musu. Ke a ganinki sulhu kika yi. Ƙarya kika yi da bakina. Kafin in yi mako a ƙasa, ki taka da ƙafarki wurin edita a buga gyara.

Na uku. Kai kuma babbansu, yau ka sani. Sharhina na gaskiya a kan faifan naka na biyu yana durowar hagu, shafi uku. Biyu da rabi suka ne. Ragowar a kan kiɗa na huɗu ne, inda ka dakata ka bar fiyano ya numfasa. Sau tara na maimaita wurin. Wannan kaɗai ka cancanta, amma daga hannuna ya fito. Faya-fayan jaz duka naka ne, ka je ka ji yadda manya suke jira.

Na huɗu. Auta, mutumin da ka shigo da shi ɗakina ka ce mai gyaran fanka ne. Mai gyaran fanka ba ya juya kwalin faifai yana duba shekara. Ba za a sayar da ko ɗaya ba. Garmaho da faya-fayan fiyano na yayarka ne idan ta yi abin da na ce, kuma mijinta da ya ɗora kofin shayi a kan faifai kada ya taɓa su. Kai ka ɗauki fankar.

Allah ya yi muku albarka, ko da kun gajiyar da ni. Kada ku watse. Duk ƙarshen wata ku uku ku haɗu a ɗakin nan, ku sa faifai ɗaya gaba da baya, bakin kowa a rufe. Wanda ya tashi kafin allura ta ɗaga, ban yafe masa ba.