Ƙaryar da na yi wa matar ƙanena ta fito a wasan lakwal

Assalamu alaikum, masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma ku ji ni kafin ku zage ni. Ban taɓa son matar ƙanena ba. Ni na goya Sani bayan rasuwar innarmu, ni na bar karatu don shi ya yi, sai ga Hadiza ta zo, ko tuwona ya daina ci. Shi ya sa na ce masa na gan ta a Bobiel bayan moton wani, ta riƙe masa ƙugu tana dariya. Ƙarya ce. Ya sake ta, ta koma gidansu a Saga.

Da girmana na shiga lakwal, makarantar manya, a Talladjé. Mushe, malaminmu, ya ba mu labarin wasannin kwaikwayo na da, irin waɗanda mutum ke hallaka wanda yake so da hannunsa, ya ce mu ma mu shirya namu. Aka ba ni matsayin munafukar da ke raba aure. Karatuna bai yi sauri ba, sai mushe ya ce: “Hajiya, aje takardar, faɗi da bakinki.” Me ya kai ni? Ranar wasan, gaban jama'a, bakina ya zubo maganar nan sak, moton, ƙugun, dariyar, har da rantsuwar da na yi masa da kabarin innarmu. Mata na tafi, suna “Kai, wannan tsohuwa Allah ya isa!” Sani na zaune a gaba, ni na gayyace shi.

Da aka tashi ya same ni a bakin ƙofa. Ya ce: “Yaya, a wasan nan ƙarya matar take yi, ko?” Na ce wasa ne fa. Ya ce: “To na gida fa?” Ya hau motonsa ya tafi.

Da safe na shiga taksi zuwa Saga, na durƙusa gaban yarinyar da na girme wa nesa ba kusa ba, na faɗa mata duka. Ko kuka ba ta yi ba. Ta ce: “Ni ai na sani, Yaya. Shi za ki gaya wa.” Iddarta ta kusa cika, shi kuma ya ƙi ɗaukar wayata. Me zan yi?